Kafin ka rubuta burin sabuwar shekara, zauna ka yi wa tsohuwa hisabi

Ina neman takardar haihuwar ɗiyata a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado sai na ci karo da wani littafi mai falle arba'in, bangonsa duk ya yi laushi saboda danshin damina. A shafin farko, da hannuna, na rubuta "Burina na bana", na ja layi biyu a ƙasa, sannan na jero abubuwa goma sha huɗu. Zan rage tumbi. Zan daina shan lemon kwalba. Zan riƙa tashi ƙarfe huɗu. Zan koyi Larabci da Faransanci. Zan daina kallon ƙwallo. Zan sayi fili. Shafi na biyu fari fat, haka na uku, har bangon baya.

Maiɗakina ta karɓa ta karanta a tsaye, ludayi a ɗaya hannun. Da ta kai ƙarshe ta miƙo mini ta ce, "Malam, wannan ai takardar hukunci ce. Wane laifi ka yi wa kanka haka?"

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini a rai. Cikin goma sha huɗun nan babu guda ɗaya da zan farka da safe ina ɗokin yi. Daga "zan daina" sai "zan rage" sai abin da ya fi ƙarfin albashina. Mutum kuwa ba ya iya zane kansa wata goma sha biyu a jere. Sati biyu zai yi ya yar da dorinar. Tun daga ranar na canza yadda nake shiga shekara, kuma hanyar da nake bi ita zan shimfiɗa a nan. Kayan aikin ba su da yawa: littafi, biro, wayarka, da yammaci guda da ba ka sa ran baƙi.

Wace shekarar ma tukuna?

Mu Allah ya hore mana ƙofar shekara fiye da ɗaya. Akwai 1 ga Janairu, wadda ofis da kasafin gwamnati ke bi. Akwai 1 ga Muharram, farkon shekarar Hijira da aka tsara lissafinta a zamanin Sayyidina Umar, ana ƙirgawa daga hijirar da aka yi a 622 Miladiyya. Ita kwana 354 ce ko 355, shi ya sa kowace shekara take matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Manomi nasa lissafin daban, daga ruwan shuka zuwa ranar da aka rufe rumbu. Malamin makaranta da ɗalibi kuwa Satumba ce tasu. Ɗauki wadda rayuwarka ta fi bi.

Wani zai ce ai bikin sabuwar shekara ba namu ba ne. Ban kira kowa biki ba, lissafi na kira, kuma ko mai tireda yakan ware rana ya ƙirga abin da ya rage a kanta. Maganar nan da ake jingina wa Sayyidina Umar kowa ya san ta: ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. 'Yan'uwa Kirista da ke raya daren 31 ga Disamba a coci su ma da irin wannan waiwayen suke tsallakawa. Ni da Janairu nake farawa, in ajiye Muharram don duba aiki, tunda a 'yan shekarun nan wajen tsakiyar shekarar Miladiyya yake faɗowa; na 1447 a ƙarshen Yunin 2025 ya kama.

Mataki na farko: kira shaidu

In ka tambayi zuciyarka yadda shekara ta kasance, labarin watan ƙarshe kawai za ta ba ka. Disamba ta zo maka da mura da bashi, sai ka rantse tun Janairu kake cikin wahala. Don haka kada ka fara da tunani. Fara da shaidun da ba sa mantuwa, yawancinsu ma suna cikin aljihunka.

Buɗe hotunan wayarka, ka gangara har farkon shekara, ka riƙa hawowa wata-wata. Kowane wata ka rubuta masa layi ɗaya a littafi: me ya faru, da wa. Za ka tsallake tarin rasit da katunan ɗaurin aure da aka turo maka, amma a tsakaninsu akwai abin da ka manta sarai. Ni a watan Maris na tarar da hoton ranar da ɗana ya fara tuƙa keke ba mai riƙe masa, baki a buɗe, ƙafa ɗaya ba takalmi. Da an tambaye ni abin da ya faru a Maris, da zafi kawai zan ce. Lura da hotunan da kai kanka kake dariya a ciki. Ina kake? Su wa ke gefenka? Ja musu layi, za ka neme su nan gaba kaɗan.

Shaida na biyu kuɗi. Nemi bayanin shige da ficen asusunka daga banki, ko ka bi alat ɗin da ke cikin saƙonni. In kai ɗan kasuwa ne ɗauko littafin bashi. Ba sai ka lissafa komai ba, neman ciwon kai ne. Abu uku za ka tara: abin da ya tafi a data da kati, abin da ya tafi a gudummawar biki da suna da anko, da abin da ka kashe don jin daɗinka da na iyalinka. Na ukun ne ya fi ba mutum kunya. Shekarar da na fara wannan lissafi, kuɗin datata na wata biyu ya ɗara duk abin da na kashe wajen fita da yara daga Janairu zuwa Disamba.

Na uku WhatsApp. Je wurin bincike ka rubuta "zan shigo" ko "zan kira ka anjima", ka ga mutum nawa ke jiranka har yau. Fitar da sunaye biyar da rashin zuwa wurinsu ya fi damunka.

Shaida na ƙarshe mai rai ne: matarka, mijinki, mahaifiya, ko aminin da kuke zaman majalisa tare. Kada ka ce ya faɗa maka aibinka, dare zai yi ba a gama ba. Tambaya ɗaya ta isa: "Yaushe kika ga na fi walwala a bana?" Amsar da na samu ita ce, "Ranar da kuka dawo daga ƙauye kai da yara, kun cika but da rake, kana ta zuba kamar an kunna rediyo." Ban taɓa sa wannan tafiyar cikin abin kirkin da na yi a shekarar ba.

Yanzu ware shafi uku. Na farko abin godiya, kuma da shi za ka fara, don in ka fara da ƙorafi biron ba zai tsaya ba. Na biyu abin da ya ci maka rai ko ya tsotse maka ƙarfi: guruf ɗin da kullum faɗa ake yi, bashin da ka ci don fita kunyar biki, darukan da kake kaiwa ƙarfe ɗaya kana latsa waya. Na uku abin da ka ji daɗinsa kana son ƙari. In an yi maka rasuwa a shekarar, rubuta sunayen a gefe ka yi musu addu'a kafin ka juya shafi. Wata shekarar iyakar abin da mutum ya iya ke nan, ya jure, kuma wannan ma a shafin godiya ake rubuta shi.

Mataki na biyu: sallami burin aro

In kana da tsohon jeri irin nawa, bi shi ɗaya bayan ɗaya kana tambaya: wa ya aike ni? Faransancin nan, da na bi diddigi, wani abokin aiki na ji yana yi a waya ya burge ni. Alhali ko fataucin Maraɗi nake yi, can ma da Hausa ake ciniki. Filin kuwa surutun majalisa ne, kowa ya saya sai ni. Burin da ya shekara uku yana bin ka daga littafi zuwa littafi bai taɓa samun ko awa ɗaya daga gare ka ba, soke shi ka huta. In kuwa ka zo sokewa ka ji hannunka ya yi nauyi, to wannan naka ne na gaske, sai ka rage masa girma har ya samu wurin zama a cikin satinka. Haka Larabcina ya koma darasi ɗaya ranar Lahadi a zauren malamin unguwa.

Mataki na uku: zaɓi huɗu, biyu na daɗi ne zalla

Huɗu sun isa. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle goma sha huɗu. Sharaɗina ɗaya ne: biyu daga cikinsu su fito daga shafi na uku, wato abin da za ka yi don ranka yana so, ba don a yaba ba. Su ne ke sa ka riƙa buɗe littafin, in ka buɗe kuma dole idonka ya faɗa kan sauran biyun masu nauyi. Gwajin ba wuya: faɗi burin a fili. In ka ji fuskarka ta saki, ya ci jarrabawa.

Mu manya muna jin nauyin wannan. Magidanci ya ce burinsa na bana ya iya dara, sai a ce ba shi da aikin yi. A ce mana. Masu faɗar ma awa uku suke yi suna gardamar ƙwallon Ingila. Ga wasu da na gwada, ko na ga an gwada a kusa da ni.

Zama baƙo a garinka. Bakano nawa aka haifa a cikin ganuwa ya yi furfura bai taɓa hawa Dala ba? Ni ina cikinsu har zuwa 'yan shekarun nan. Ranar da muka je, mun kai rabin matakala na tsaya ina haki, na sunkuya kamar ina gyara takalmi. Ɗiyata ta leƙo daga sama ta ce, "Baba, in dawo in riƙe ka?" Da muka kai ƙololuwa ta fi minti goma tana neman rufin gidanmu. Kuskurenmu ɗaya, cikin hunturu muka je, hazo ya cinye rabin garin. In za ka hau, bari sai washegarin ruwan sama. Ga Gidan Makama, ga marinar Ƙofar Mata, ga Kasuwar Kurmi da ake danganta kafuwarta da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Bakatsine yana da hasumiyar Gobarau, da rijiyar Kusugu in ya ƙarasa Daura. Bazazzagi yana da tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Basakkwace yana da Hubbare. Mutumin Damagaram yana da lungunan Birni da fadar Sarki, na Agadas kuma hasumiyar laka mai tsawon mita 27. Rubuta wuri shida, ɗaya kowane wata biyu. Kuɗin adaidaita ne, da ɗan abin da za ka miƙa wa masu kula da wurin.

In aljihu ya yarda, ƙara tafiya ɗaya mai nisa. Yankari a jihar Bauchi da rani ta fi daɗi, lokacin da namun daji ke taruwa kusa da kogin Gaji, ga ruwan Wikki mai ɗumi, wajen digiri 31 dare da rana. Bikin kamun kifi na Argungu ba kowace shekara ake yi ba, sai ka kasa kunne. Ko ina za ka, je tasha ka tambayi direbobi halin da hanya take ciki a satin, kuma kada ka yarda da tafiyar dare.

Naɗar hirar tsofaffi. Wannan shi ne wanda na fi nadamar rashin farawa da wuri. Kowace waya tana ɗaukar murya. Sai dai in ka ce wa tsohuwa "ba ni tarihinki", za ta ce ba ta da wani tarihi. Shiga ta ƙaramar ƙofa: "Inna, nawa aka biya sadakinki?" "Wa ya yi miki kitson aure?" "Ina kuke lokacin canjin hannu?" Tsofaffinmu da aukuwa suke ƙirga shekaru, don haka ka riƙe 'yan alamomi a ka: a Najeriya an koma tuƙi ta hannun dama a 1972, an bar fam da sule an koma naira da kwabo a farkon 1973, ga kuma farin da aka sha a wajejen 1973. Da zarar ta ce "goyon yayanka nake yi aka canza kuɗi", ka samu shekara. Ajiye wayar a gefen tabarma, kada ka cusa mata a baki, kada ka katse ta ko ta yi kwana ta shiga labarin wata kishiyar goggonta. Kana gamawa ka tura wa ƙanenka kwafi, waya ba ta da tabbas.

Karɓar girki daga hannun masu shi. Maiɗakina ta sa wa kanta alkaki, nakiya da dambun nama, kowanne a wurin wata tsohuwa daban. Ta tafi wurin gwaggona da littafi da kofin awo, ta dawo tana dariya. Duk inda ta tambayi "nawa zan zuba?", amsar ita ce, "Ke dai zuba, hannunki zai gaya miki." Dabarar da ta yi a zuwa na biyu: duk abin da gwaggo ta ɗebo da hannu, sai ta tare shi a kofi ta auna kafin ya shiga ƙwarya. Maza ma akwai nasu: haɗa yajin tsire, gashin balangu, ko shayin da zai sa yara su daina cewa na mai shayi ya fi.

Dara. Gida talatin ake tonawa a ƙasa, layi biyar gida shida-shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. A zuba ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga turawa, wanda ya jera uku ya ci ɗa ɗaya na abokin wasansa. Minti biyar ta isa a koya maka ƙa'ida. Iyawa kuwa sai an zauna gindin bishiya an sha kaye.

Ajami, ga wanda ya yi makarantar allo, bai fi aikin 'yan makonni ba. Darasin farko yana aljihunka: ɗauko takardar naira dubu ka karanta rubutun da ke jikinta. Daga nan sai wasiƙun kaka da aka ajiye a gafaka.

Shuka. Yanki reshen zogale mai kauri, tsawonsa kamar kamu biyu, ka kafa shi idan damina ta kankama. Ruwan alwala ya ishe shi da rani. Kewaye shi da ƙaya tun ranar farko. Nawa na farko akuyar maƙwabta ce ta yi buɗa-baki da shi.

Mataki na huɗu: mayar da buri lissafi, ka ɗaure shi a turke

"Zan ƙara karatun Alƙur'ani" fata ne. "Shafi biyu bayan Asuba" aiki ne. Mushafin bugun Madina shafi 604 ne, don haka shafi biyu a rana sauka ce cikin kwana 302, ka ga an bar maka kusan wata biyu na rashin lafiya da tafiya da makara. Haka za ka yi wa kowane buri: nawa, yaushe, a ina.

"Zan rage tumbi" ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato rabin awa sau biyar. Ba sai ka sayi kayan gudu ba. Zaɓi masallacin da ke da tafiyar minti goma sha biyar daga gida don La'asar, zuwa da dawowa ka cika. Ke kuma uwargida, zuwa Islamiyya a ƙafa, ko ki rufe ƙofa ki kunna kiɗan ƙwarya ki taka na rabin awa. Ba wanda ya ce sai da ɓacin rai ake zufa.

Tanadi: naira 200 kullum naira 73,000 ce a shekara. Akwai kuma wasan makonni 52, inda ake fara ajiye naira 100 a makon farko, 200 a na biyu, har 5,200 a na ƙarshe, jimilla 137,800. Aibinsa shi ne manyan kuɗin suna faɗowa a ƙarshen shekara, daidai lokacin da bukukuwa suka yi yawa. Gyaran da nake yi: rubuta lambobin 1 zuwa 52 a shafi guda, kowane mako ka soke wadda aljihunka zai iya. Makon albashi ka kashe babba, makon fatara ka kashe ƙarama. Kuma ka raɗa wa kuɗin suna. "Tanadi" kowa zai iya taɓa shi, har kai. "Kuɗin Yankari" kuwa yara ne za su zama masu gadinsa. In asusun ƙasa ne ka riƙa tuna gara, ka kuma tuna yadda canjin kuɗin farkon 2023 ya sa mutane fasa asusu ba shiri. Ga tsada da ke cin darajar takarda tana kwance. In kuɗin sun taru kuma ba na tafiya ba ne, gara a mayar da su buhun hatsi da kaka ko 'yar tunkiya.

Turken kuwa muna da shi tuntuni. Salloli biyar sun riga sun yanka mana yini gida-gida, ba ka bukatar ƙararrawar waya. Ɗaura sabon abu a wutsiyar tsoho: bayan Asuba shafi biyu, bayan La'asar ta Asabar dara, bayan sakkowa daga Juma'a gidan ɗaya daga cikin mutum biyar ɗin nan na WhatsApp. Kuma ka yanka shi ƙarami, har ka ji kamar raini ne. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne.

Mataki na biyar: shimfiɗa shi a kan shekarar gaske

Shekarar da ke cikin kai watanni goma sha biyu ne masu kama ɗaya. Ta gaske ba haka take ba. Zana gida goma sha biyu a shafi biyu, ka fara cika su da abin da ba ka da iko a kai: azumi da sallah ƙarama, babbar sallah da kuɗin rago, kuɗin makaranta sau uku, ruguguwar aure da ake yi gab da azumi da kuma bayan kaka, zafin Afrilu, markar Agusta, bikin ƙanwarka. Duba kalanda da kyau, don azumin bana ba a ranar na bara zai kama ba.

Abin da ya rage shi ne filinka. Tattaki da sanyin hunturu ya fi sauƙin farawa. Shuka sai Yuli. Tafiya mai nisa kada ta haɗu da watan kuɗin makaranta. A Ramadan sauke duk wani buri in ban da na ibada, kuma ka rubuta hakan tun yanzu, don kada ka ɗauka faɗuwa ka yi. Kowace tafiya ka sa mata rana da kuɗi tun a wannan zaman, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na shida: nemi mai tsare ka

Kada ka kai burinka Facebook. Yabon da za a yi maka a ranar zai sa ka ji kamar ka riga ka gama, ga shi ba kowane ido ne ke son ganin ka ci gaba ba. Mutum ɗaya ko biyu sun isa. A ganina taubashi ya fi kowa dacewa, don shi kaɗai al'ada ta ba lasisin ya yi maka tsiya ba ka ji haushi ba. Ku sa tara mai daɗi: wanda ya tsallake mako shi zai sayi tsire. Wanda ya fi taubashi tsanani kuwa yaro ne. Ka ce wa 'yar shekara bakwai za ku je ganin giwa da hutun Ista, ka ga ko za ka ƙara samun barcin rana.

Mataki na bakwai: ranar da ka karya

Za ka karya, wannan ba sai an buga ƙasa ba. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan a kan mutum 96, wanda ya fito a 2009, ya nuna cewa kafin sabon abu ya zama jiki ana ɗaukar kwana 66 a tsaka-tsaki, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana guda bai rushe ginin ba. Mu ma mun san wannan ta wata hanya: wanda ya sha azumi ɗaya ba ya cewa watan ya lalace bari in ci gaba da ci, washegari yake tashi sahur. Bambancin kawai, a nan ba ramuwa. In ka rasa tattakin kwana uku kada ka ce za ka yi awa biyu ranar Asabar, gwiwa za ka ɓata. Ɗora daga inda kake.

Juma'ar farko ta kowane wata ba littafin minti goma: me ya tafi, me ya tsaya, me ya tsayar da shi. Yawanci ba lalaci ba ne, lokacin ne bai dace ba, ko abin ya yi girma. Canza lokacin, ko ka raba shi biyu. Sai kuma babban zama da cika-ciki. An dafa jelar ragon layya a gidajen da ke ajiyewa, taubasai na bin juna kuɗin shara, ciki ya cika, to a nan za ka ɗauko littafin. A wannan zaman kana da damar sauke buri ɗaya ka ɗora wani ba tare da jin kunyar kowa ba.

Shafin ƙarshe shi ne wanda za ka riƙa gani. Rubuta "in sha Allahu" a sama, sannan layi huɗu, kowanne da abin da za a yi, yaushe, sau nawa, da wa. Yage shi ka manna a cikin ƙofar wadirof, ko ka ɗauke shi hoto ka sa a fuskar waya. Ko ina ma ka sa, ban da akwatin ƙarƙashin gado.

Nawa na bana ga shi: shafi biyu bayan Asuba, asusun Yankari, lamba ɗaya kowace Lahadi, hirar Inna sau shida, an yi uku, a ta ukun ne ma na fara jin cewa kakana ya taɓa zuwa Kumasi fataucin goro a ƙafa, sai na huɗu, in ci wani dattijo da ke dara a gindin darbejiyar bakin layinmu ko da sau ɗaya ne. Asabar da ta wuce na jera biyu, ina lallaɓa ta uku zuciyata na bugawa, ya sa tsinke ya toshe gidan, ya juya ya cinye mini ɗa. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Malam, a kawo shayin, kada a cika sukari."